Mai Buga Ƙarfe

Ni ne mai buga ƙarfe a lakwal ta Garin Malam.
Tsohon gangar tayar mota rataye a reshen bedi,
shi ne muryata.
Agogona na gado ne,
gilashinsa ya tsage tun ina da haƙoran tauna goriba.

Ƙarfe goma in na ɗaga guduma,
kafin amon ya gama lilo a iska
ƙofofi sun zubo da yara
kamar an kwance bakin buhun gero.
Masu langa sun kama ƙafa,
masu ƙishi sun yi wa randa zobe,
mai fanke tana kare tirenta da gwiwar hannu.

Ran Litinin Mushe Ari, direkta, ya kira ni:
"Baba Nomau, rage musu rabi.
Sifeto na tafe,
ƴan aji ɗaya ko shafi na tara ba su kai ba."
Na ce to.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kwana uku ina leƙe ta taga.
Yara saba'in a kan tabarmi,
kwanon rufi yana ƙas-ƙas don rana.
Mutari ya kifa fuska a kan allonsa,
da ya farka, ga harafi fari fat a kumatu:
ya hau fuska, bai shiga kai ba.
Muryar Madam Barira ta dishe
kamar ta mai tallar ruwa a watan bazara.
Ta ce, "Cima, ƙirga."
Cima ta kai bakwai ta tsaya,
tana kallon ƙofa.

Ran Alhamis, cikin ɗan hutun da ya saura,
Cima ta durƙusa a gindin bedina
da ƙwallayen aduwa, ana carafke.
Ɗaya sama, hannu ƙasa,
baki na bin yatsu ba tuntuɓe,
har ashirin da uku.
Sai ta daka wa ƙawarta tsawa:
"Kin ɓoye biyu! Saura ashirin da ɗaya!"

Madam na tsaye, moɗa a leɓe.
Ba ta sha ba.
Da na buga, ta sunkuya
ta tsince ƙwallayen nan a gefen mayafi
ta shige da su aji.

Kada a ce tsoho ya goyi bayan wasa.
Bara hira ta ɗauke ni da mai gyaran keke,
na bar su awa guda cur.
Uku sai a kan duwatsun Birni aka samo su,
suna farautar ƙadangare.
An yi dambe, an yaga riga,
ranar ko alli bai taɓa allo ba.
Na yi kiwo kafin in yi gadi:
igiya in ta gajarta, akuya ta rame,
in ta yi tsawo, sai gonar mutane.
Ba a kasuwar Dole ake sayen awonta ba,
ido ne ke auna ta, kullum sabo.

Sifeto ya zo, ya buɗe littafi, ya rufe,
motarsa ta bi hanyar gari.
Direkta bai janye maganarsa ba,
ni ma ban tuna masa ba.

Sai dai agogon nan ya tsufa.
Wata rana yakan yi nawa da minti biyar,
wata rana bakwai,
musamman in wasa ya kai tsakiya.
Mushe Ari yakan fito bakin biro,
ya dubi wayarsa, ya dube ni,
ya dubi fili,
ya daɗe yana gyaran hula.

Sai ya juya baya
nake ɗaga guduma.